Selkirk, Garin Dukawa da Mahaifar Mungo Park: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya yi firamare a Nijeriya ya taɓa jin sunan Mungo Park, sai dai ba kasafai malami ke gaya wa yara daga ina mutumin ya fito ba. Daga karkarar Selkirk ya fito, wani ɗan gari a kudancin Sikotilan. Ga tambayoyin da aka fi yi mini duk lokacin da hira ta biyo ta kan garin.

Ina ne Selkirk, kuma yaya girmansa?

Yana yankin da ake kira Borders, wato ƙasar kan iyaka, inda Sikotilan ta yi maƙwabtaka da Ingila. Daga Edinburgh, babban birnin Sikotilan, tafiyar wajen mil 40 ce kudu, a kan hanyar A7 da ta zarce Carlisle. A ƙidayar 2011 mutum 5,784 aka samu a garin, ka ga ko wata unguwa ɗaya a Kano ta fi shi jama'a. A jikin tudu aka gina shi. Kasuwa da tsohon gari suna sama, masaƙu suna ƙasa a bakin kogin Ettrick, wanda ke zuba cikin kogin Tweed gaba kaɗan. Wanda ya taso daga bakin ruwa da jaka a hannu, kafin ya kai kasuwa sai ya tsaya ya yi numfashi.

Tun yaushe aka kafa shi?

Sunan da kansa tsoho ne. A tsohon Ingilishi yana nufin coci da ke kusa da babban zaure, kuma yankin dajin farautar sarakunan Sikotilan ne a da. A 1113 yarima David, wanda daga baya ya zama Sarki David na Ɗaya, ya kawo masu zuhudu daga Tiron ta Faransa ya zaunar da su nan. Ba su daɗe ba, a 1128 aka mayar da su Kelso. A bayan kasuwa akwai kangon wata tsohuwar coci da kaburbura, inda mutanen garin ke cewa nan aka naɗa William Wallace mai riƙon ƙasar Sikotilan bayan ya ci Ingilawa a gadar Stirling a 1297.

Me ya sa ake ce wa mutanen garin dukawa?

A harshensu Souter suke cewa, wato mai ɗinkin takalma. Ƙarni da ƙarni sana'ar garin ke nan, har ana ba da labarin cewa su suka yi wa rundunar yarima Charles Stuart takalma a tawayen 1745, kuma har yau ba a biya su ba. Sana'ar ta mutu, sunan ya zauna. Ɗan garin da bai taɓa riƙe basilla ba zai bugi ƙirji ya ce maka shi baduku ne, kuma wanda ya ƙauro, ko ya yi shekara 30, ba ya cin sunan.

Akwai wata al'ada da ta fito daga sana'ar. Dukawan da gashin alade na daji suke maƙala wa zare, ya zama musu allura. In za a karrama babban baƙo a mai da shi ɗan gari, sai a kawo damin gashin nan, dattawa su bi da shi ta bakinsu ɗaya bayan ɗaya, a tsoma cikin giya, a miƙa wa baƙo shi ma ya lasa. Ni kam da ni aka yi wa tayin, da na ce na gode, a kai kasuwa.

Mene ne hawan iyaka da ake ta magana a kai?

Shi ne babbar ranar garin, a wurinsu ta fi Kirsimeti. Da Turanci Common Riding suke cewa. Asalinsa aiki ne, ba biki ba. Garin yana da hurumi, filayen kiwo da na itace mallakar jama'a duka, kewaye da gonakin manyan masu ƙasa da ba su ƙi su ɗan matsa iyaka ba in an yi sake. Ga kuma maharan kan iyaka da suka yi ɗaruruwan shekaru suna kore shanun mutane tsakanin Ingila da Sikotilan. Don haka shekara-shekara mazan garin kan hau dawakai su zaga hurumin, su duba ko an taɓa duwatsun shaida, su dawo su ba magajin gari rahoto. Yanzu takardu da taswira sun ɗauke wannan aiki, amma ba a fasa hawan ba.

Garuruwan yankin da dama suna da irin nasu, kamar Hawick da Lauder da Langholm, kuma kowane gari ya yi imani nasa ne na gaske. Kada ka yabi na Hawick a gaban mutumin Selkirk.

Yaya ranar take gudana?

Ana yin ta ranar Juma'a ta biyu bayan Litinin ɗin farko ta watan Yuni, wato tsakanin 12 da 18 ga wata. Tun watanni kafin nan an zaɓi Mai Tuta, saurayi ɗan asalin garin wanda bai yi aure ba, wanda kuma ya yi shekaru yana bin bayan Masu Tutar da suka gabace shi.

Ƙarfe huɗu na asuba masu sarewa ke fita su tashi Mai Tuta da magajin gari. A watan Yuni a can, lokacin gari ya fara wayewa. Kafin ƙarfe shida tituna sun cika, 'yan badujala a gaba, jama'a a baya sun saƙala hannu cikin na juna suna waƙoƙin da kowa ya haddace tun yana goye. Gab da ƙarfe bakwai, a barandar zauren Victoria, magajin gari ke damƙa wa Mai Tuta tutar gari, wata mace da aka zaɓa ta ɗaura mata ƙyallaye masu launi. Shi kuma ya yi alkawarin zai dawo da ita ba tabo ba datti. Addu'ar rakiyarsu gajeriya ce: a fita lafiya, a dawo lafiya.

Daga nan ayari ya gangara kogi. Mahaya kan kai 300 zuwa 400, maza da mata, har da yara a kan ƙananan dawakai, iyayensu na gefe zuciya na dukan uku-uku. Tsallake Ettrick shi ne wurin kallo na farko. Ruwan sanyi ƙarara yake, ƙasansa duwatsu masu santsi, wani dokin ya shiga kai tsaye, wani ya toge sai an lallashe shi, jama'a kuwa sun cika gada da gaɓa suna kirga wa ya jiƙe. Sai a hau tsauni zuwa wurin da ake kira Three Brethren, 'yan'uwa uku, tulin duwatsu uku masu tsayin kusan mita uku-uku, inda iyakar Selkirk ta haɗu da ta gandayen Philiphaugh da Yair. Wajen ƙarfe goma suke dawowa ta ƙofar gari a sukwane, ɗaya bayan ɗaya, ana yi musu shewa.

Sannan a taru a kasuwa don juya tuta. An kafa dandamali an lulluɓe shi. Mai Tuta ya hau, ya kama sandar da hannu biyu, ya riƙa kaɗa tutar yana zagaya ta bisa kansa da gefensa daidai da kiɗa. Tutar tana da nauyi, in da iska kuma sai ƙarfin damtse, shi ya sa suke shafe makonni suna gwaji. Bayansa masu tutocin ƙungiyoyi ke hawa: ta masu aikin guduma, ta masaƙa, ta mahauta, ta 'yan garin da ke zaune ƙasashen waje, ta 'yan kasuwa, ta ƙarshe ta 'yan mazan jiya. Idan na ƙarshen ya gama, sai ya sunkuyar da tutarsa ƙasa, a yi shiru na minti biyu. Dubban mutanen da tun asuba suke ihu, sai ka ji ko tari babu, sai ƙarar kofaton wani doki can baya. Daga nan a busa taken makoki, ka ga ƙato da gemu yana share ido da bayan hannu.

Makokin wa ake yi?

Na waɗanda suka tafi Flodden ba su dawo ba, da duk 'yan garin da yaƙe-yaƙen baya suka ci. A 1513 Sarki Henry na Takwas na Ingila ya tafi yaƙi Faransa. Sarki James na Huɗu na Sikotilan yana da alkawarin ƙawance da Faransa, sai ya tsallaka iyaka da runduna. Ranar 9 ga Satumba suka haɗu da sojojin Ingila a Flodden, aka kashe sarkin, aka kashe manyan fadawansa da dubban mutanensa.

Labarin da Selkirk ta gada baki da baki shi ne mutum 80 suka fita daga garin, ɗaya tak ya dawo, wani mai suna Fletcher, riƙe da tutar da ya ƙwace daga Ingilawa. Mata suka kewaye shi suna tambayar mazansu da 'ya'yansu. Baki ya ƙi buɗuwa. Sai ya ɗaga tutar ya kaɗa ta bisa kansa, ya sauke ta ƙasa kamar mai yankan ciyawa da lauje, kowa ya gane. Juya tutar da ake yi yau kwaikwayon wannan ne. Masana tarihi suna ɗaukar labarin da taka-tsantsan, amma ba wanda ke musun cewa garuruwan kan iyaka sun yi asarar maza a ranar. Mutum-mutumin Fletcher yana gaban zauren Victoria, an kafa shi a 1913 da yaƙin ya cika shekara 400, kuma abin da ya rage na tsohuwar tutar yana ajiye a gidan tarihin garin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne garuruwa da yawa ranar nasara suke biki, su kuwa ranar da aka ci su suka riƙe.

To kamar Hawan Sallah ne?

Ta wajen dawakai da cikar gari da dawowar 'yan ci-rani gida, akwai kama. Amma babu sarki da ake kai wa gaisuwa, babu jahi, babu lifidi ko kwalliyar doki. Mahayan baƙar hular kwano da kwat suke sawa, dokin daga sirdi sai linzami. Mai ido da ya saba da Hawan Daushe zai ga abin fayau. Armashinsa a waƙa yake da kuma wancan shirun.

Mene ne alaƙar Mungo Park da garin?

An haife shi a watan Satumba na 1771 a Foulshiels, wata gona a bakin kogin Yarrow, 'yan mil kaɗan yamma da Selkirk. Shi ne na bakwai cikin 'ya'ya 13. Kangon gidan yana nan. A makarantar Selkirk ya yi karatu, ya koyi aikin likita a hannun Thomas Anderson, likitan garin, ya ƙarasa a jami'ar Edinburgh, daga baya ya auri 'yar maigidan nasa, Allison, a 1799.

A 1795 wata ƙungiya a Landan ta tura shi ya bi ta kogin Gambiya ya nemo Neja. An tsare shi watanni a hanya, ya kuɓuce, ya isa Segu, cikin ƙasar Mali ta yau, a watan Yuli na 1796, ya ga da idonsa ruwan gabas yake gudu. Ya koma gida, littafin tafiyarsa ya fito a 1799 ya yi kasuwa, ya buɗe wurin duba marasa lafiya a Peebles. Zaman bai karɓe shi ba. Marubuci Walter Scott ya taɓa iske shi a bakin Yarrow shi kaɗai yana jefa duwatsu cikin gurbi yana kallon kumfa. Da ya tambaye shi, sai ya ce haka yake auna zurfin kogi a Afirka kafin ya tsallaka, da lokacin da kumfar ke ɗauka kafin ta taso. Nan Scott ya gane mutumin nan tafiya zai sake yi.

Ya kuwa tafi, a 1805, da Turawa sama da 40, mafi yawansu sojoji. Suka yi lattin tashi, damina ta riske su, zazzaɓi da atuni suka yi ta ɗauke su ɗai-ɗai. Mutum 11 suka kai kogin. A Sansanding surukinsa Alexander Anderson, ɗan'uwan matarsa, ya rasu. Suka haɗa kwalekwale suka raɗa masa suna Joliba, sunan kogin a bakin Mandinka, suka tashi a watan Nuwamba, Turawa biyar kacal. Suka wuce Tumbutu, suka wuce ƙasar Nijar ta yau, ba sa tsayawa gaisuwa ko biyan kuɗin wucewa, duk wanda ya matso sai harbi. A Yawuri jagoransu Amadi Fatuma ya sauka, don nan yarjejeniyarsu ta ƙare. A Busa, farkon 1806, kwalekwalen ya maƙale a duwatsu inda ruwa ke gudu da ƙarfi, aka yi musu ruwan kibau daga gaɓa, suka faɗa kogi, ruwa ya ci su. Daga bakin Amadi Fatuma aka ji labarin bayan shekaru. Ɗan Park, Thomas, bai yarda ubansa ya mutu ba, ya bi sawu a 1827, zazzaɓi ya kashe shi a ƙasar Gana ta yau tun bai yi nisa ba.

Tsohuwar Busa tana ƙarƙashin tafkin Kainji tun da aka gama madatsar a 1968. A Jebba akwai hasumiyar tunawa da shi. A Selkirk kuwa mutum-mutuminsa na tsaye a babban titi tun 1859, daga baya aka ƙara masa siffofin tagulla a gindinsa. Wanda ya ƙera su Thomas Clapperton ne, ɗan Galashiels, shi ne kuma ya yi na Fletcher. Kada a rikita shi da Hugh Clapperton, mutumin Annan, wanda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya kuma rasu a Sakkwato a 1827.

Da gaske shi ya gano kogin Neja?

Ya gano wa Turawa dai. Sarkawa suna su a Kwara, fatake suna fito a kanta, an gina Gao da Tumbutu a gefenta tun kakannin Park ba su san da ita ba. Shi kansa bai ga ƙarshenta ba, ya mutu yana zaton da kogin Kwango take haɗuwa. Richard Lander da ƙanensa John ne suka bi ta daga Busa har teku a 1830. Jarumtarsa ba abin musu ba ce, amma tafiyarsa ta biyu ta bar gawarwaki a gaɓa, kuma wannan ba ya jikin mutum-mutumi.

Walter Scott fa, me ya kawo shi?

Aiki. Duniya ta san shi da rubutu, Selkirk ta san shi da alƙalanci. Shi ne alƙalin gundumar daga 1799 har rasuwarsa a 1832. Kotunsa na nan a kasuwa, da doguwar hasumiya mai agogo, an mai da ita gidan tarihi, mutum-mutuminsa na tsaye a gabanta. Yawancin ƙararrakin da ya saurara na satar kifi ne da farauta a gandun wani da faɗan mashaya. Gidansa, Abbotsford, yana bakin Tweed, tafiyar 'yan mintoci a mota.

Ban da waɗannan, me baƙo zai gani?

Halliwell's House, tsohon shagon kayan ƙarfe da aka mayar gidan tarihi, a wani lungu daf da kasuwa. The Haining, babban gida da tafki a gefen gari, wanda mai shi na ƙarshe ya bar wa jama'ar gundumar wasiyya a 2009, yanzu kowa na zaga tafkin kyauta. Bowhill, gidan sarautar Buccleuch, da kangon hasumiyar Newark a cikin gandunsa.

Newark tana da mummunan tarihi. Ranar 13 ga Satumba 1645, a filin Philiphaugh da ke hayin kogi, janar David Leslie ya yi wa rundunar Montrose, mai yaƙi don Sarki Charles na Ɗaya, dirar mikiya cikin hazon safiya, alhali shi Montrose ya kwana a cikin gari. Bayan an gama yaƙi aka karkashe sojojin Ailan da suka miƙa wuya, wasunsu a Newark ɗin, da mata da yaran da ke bin sansaninsu. A Philiphaugh ɗin nan yau filin wasa ne, da wani wuri da ake kallon kifin salmon yana tsallen hawan ruwa a ƙarshen shekara.

Wane abinci aka san garin da shi?

Bannock na Selkirk. Burodi ne kewayayye mai nauyi, an cika shi da zabibi da man shanu, ana yanka shi a shafa bota a sha da shayi. Wani mai gashin burodi, Robbie Douglas, ya fito da shi da ya buɗe shago a kasuwa a 1859, sunansa ya ƙara tashi da Sarauniya Victoria ta ci shi a Abbotsford a 1867. Musulmi ya duba takardar jikinsa ko ya tambaya, don wasu na haɗa kitsen alade a kwaɓin.

Alexander Selkirk da ya zauna shi kaɗai a tsibiri ɗan garin ne?

A'a, ɗan Lower Largo ne a yankin Fife, suna ne kawai ya zo ɗaya. Haka addu'ar cin abinci da ake kira Selkirk Grace, wadda ake jingina wa mawaƙi Robert Burns. Daga mai sarautar Selkirk ta samo suna, shi kuwa gidansa na Kirkcudbright, can kudu maso yamma.

Da me mutanen garin ke rayuwa yanzu?

A ƙarni na 19 masaƙun ulu suka maye gurbin dukanci, suka jeru a bakin Ettrick suna saƙa yadin tweed. Yawancinsu sun rufe, an mai da gine-ginen ofisoshi da ƙananan masana'antu. Kamfanin Lochcarron na nan yana saƙa tartan, yadin nan mai gidan dara da mazan Sikotilan ke ɗaurawa. Saura noma da kiwon tumaki, da masu zuwa aiki Galashiels ko Edinburgh su dawo da yamma.

Wasan da suka fi so zari-ruga ne, kuma John Rutherford, ɗaya daga gwanayen da suka ci wa Sikotilan duk wasanninta na gasar ƙasashe biyar a 1984, ɗan garin ne. Masu bin ƙwallon Ingila kuma, Bobby Johnstone da ya ci wa Manchester City ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin FA a 1955, ya sake ci a na 1956, shi ma baduku ne.

Yaya ake zuwa, kuma me zan riƙe?

Bizar Birtaniya ce ke kai mutum, ba a neman wata daban don Sikotilan. Jirgin ƙasa ba ya shiga Selkirk. Daga tashar Waverley a Edinburgh za ka hau layin Borders, wanda aka buɗe a 2015, ka sauka Galashiels cikin kusan awa ɗaya, ka ƙarasa mil shida a bas. Akwai kuma bas X95 da ke bi ta garin kai tsaye. Mai son Juma'a a babban masallaci sai ya shirya ta a Edinburgh, kusa da jami'a. A tsakiyar Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, don haka Magariba da Isha da Asuba suna matse da juna, a duba jadawalin wurin.

In don hawan za ka je, nemi masauki tun watanni kafin lokaci, don 'yan garin da ke Kanada da Ostareliya sun riga ka. Riƙe rigar ruwa ko da ka ga rana, da takalmin da ba ka jin tausayinsa, saboda taɓon bakin kogi da kashin dawakai. Ka isa kasuwa tun kafin mahaya su dawo, in ba haka ba sai dai ka kalli ƙeyar mutane, kuma ka kashe ƙarar wayarka kafin ɗan mazan jiya ya hau dandamali.